Man Gyaɗar Laure

A Kafin Dafga in ana maganar tsafta, sunan Laure ake fara ambata. Shekara talatin tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, ba a taɓa tsintar ko ƙuda a manta ba. Maƙwabta har tsiya suke yi mata, wai ruwa ma sai ta wanke shi take sha. Ita kuwa ko a jikinta.

Da maganin feshi ya shigo gonaki, robobinsa suka cika kunyoyi. Robobi ne masu kauri, murfinsu ba ya yoyo, sun fi kwalaben zuba mai da take wahalar nema a kasuwar Karaye. Mijinta Ƙasimu ya riƙa tattaro mata su in ya taso daga gona. Laure ba sakarya ba ce, ta san abin da ke kashe ciyawa da ƙwari ba abin wasa ba ne. Sai take yi musu irin wankin da ake yi wa kwanon da kare ya lasa, sau bakwai cif, ta ƙara da toka da ruwan zafi. Takardar jikinsu kuwa da wuƙa take kankare ta tas. A ganinta abin da ya kawar da najasa ba zai gaza da magani ba.

Jikarta Radiya, 'yar shekara huɗu, a hannunta ta tashi tun rasuwar uwarta, ba ta cin komai sai an kwarara mata mai. Da kakar bara yarinyar ta fara amai da dalalar yawu, jikinta na karkarwa. Kwananta uku a asibiti Allah ya karɓi abarsa. A makon wasu yara biyu na unguwar suka kwanta da irin ciwon, amma su sun tashi.

Ba a daɗe ba ma'aikatan gwamnati suka zo, masu bin sawun gubar da ke shiga ƙasa da ruwa, wata Malama Kausar ce shugabarsu. Suka ɗebi ruwan rijiya da na kududdufin da masu feshi ke wanke kayansu. Laure da kanta ta fito da robobin manta ta jera a gabansu, ta ce a gaya mata gaskiya in ita ce ta kashe yarinyar.

Kausar ta ɗauki roba ta juya gaba da baya tana neman suna. Ta yi bayani a hankali cewa magungunan suna da yawa, in ba a san wanda ake nema ba gwajin yakan yi wuya, ya kuma daɗe. Ƙasimu bai san suna ko ɗaya ba. Shi dai ya san mai jan murfi da mai kore, wasu ma a gonakin mutane ya tsinto su.

"Inna, ko guda ɗaya babu mai takarda?" in ji Kausar.

"Duk na kankare, 'yar nan. Don tsafta na yi."

Suka tafi da roba biyu. Wata takwas ke nan. Ƙasimu ya je ofishinsu sau biyu, ana ce masa ba a dawo da sakamako ba.

Babu wanda ya zarge ta. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, mata kuma suna ta aiko da kwano a sayar musu da mai, amma ta ce ta bar sana'ar. Sauran roba taran ta kai ɗakinta, ta hana kowa taɓawa har Ƙasimu. Ita kaɗai take cin man da ke cikinsu safe da yamma, tana jiran cikinta ya gaya mata abin da gwamnati ba ta gaya mata ba. Abin tausayi, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ƙasimu ya ce to ga shi nan, ba man ba ne. Ta ce cikin tsohuwa ba ɗaya yake da na yaro ba, kuma wa ya sani ko mai gubar tana cikin biyun da aka tafi da su.

Ranar Laraba ta tsiyaye roba ta ƙarshe a kan dafaffen rogo ta cinye, ta zauna a bakin ƙofa har la'asar, lafiyarta ƙalau. Sannan ta fashe da kuka, don yanzu ba ta da sauran wanda za ta tambaya.