Malam Sanda, Mai Koya wa Baƙin Yara Ƙwallo a Maruta

Kullum bayan la'asar, Malam Sanda kan ɗaure ƙwallo a bayan kekensa ya nufi filin da ke bayan firamaren Maruta da ke ƙasar Gwaram, inda yake koyarwa. Shekara tara ya yi yana haka. Masu jiransa 'ya'yan 'yan gudun hijira ne daga Kamaru, waɗanda iyayensu ke ƙodago a gonakin mutane.

Ranar farko da ya busa usur, yaran suka watse cikin dawa, suka kwanta rub da ciki, sun ɗauka hari ne. Tun daga ranar bai sake busawa ba, da tafi yake alƙalanci. Bai kuma taɓa barin baƙi su ware gefe guda ba, sai ya gauraya su da 'yan gari.

A cikinsu akwai Yunusa, wanda ya yi wata huɗu bai ce uffan ba. Maganarsa ta farko da Hausa a fili ya yi ta, ya daka wa Saifullahi ɗan limamin unguwa tsawa: "Ba ni!" Saifullahi ya ba shi ƙwallon, Yunusa ya jefa a raga. Daga nan kwanonsu ya zama ɗaya. Tare suka kai ƙungiyar wasan ƙarshe a Birnin Kudu.

Bara mahaifin Yunusa ya ji an ce ƙauyensu ya lafa, ya kwashi iyalinsa suka koma. Bayan wata biyu labari ya zo cewa an sake ƙona garin. Har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsu.

Saifullahi ya daina zuwa fili. Malam ya bi shi har zaure.

"Tashi mu je, ana jiranka."

"Malam, in na je wa zan ba ƙwallon?"

Malam ya jingine kekensa. Ya zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Bana ya yi ritaya. Gwiwa ta ƙi, an shuka gyaɗa a rabin filin, ba a turo magaji ba, ga kuma sababbin yara na ta zuwa. Duk da haka, da sanda yake dogarawa ya je filin.

Malam, kai ne inuwar wanda ya baro tasa. Ba ka iya tsare su daga duniya ba, amma a hannunka suka sake koyon dariya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Jama'ar Gwaram, mai ƙafa ya fito tun dattijon nan yana iya nuna masa yadda ake yi.