Zomayen Idi a Zaman Makokin Dakta Muntaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Maris, 2010, Allah Ya karɓi ran Dakta Muntaka a gidansa da ke Asata, Enugu, bayan gajeriyar jinya.

Muntaka, mota ɗaya ta dawo da mu garin nan bayan yaƙin basasa, muna yara, a saman buhunan albasar iyayenmu. Ni na tsaya kasuwar Ogbete, kai ka zama malamin ilimin magunguna a jami'a. Ban manta ranar da ka zo rumfata ka kasa cin tuwo ba. Ka ce kowane zangon karatu ana farke zomaye da ransu, ana ɗiga magani kan hanjinsu don ɗalibai su ga abin da littafi ya riga ya faɗa, sannan a watsar da su a bola ba yanka. Ka ce Allah zai tambaye ka.

Da ka kawo kwamfutar da ke nuna aikin maganin ba tare da jini ba, ka kira ni na gani. Wata ɗaliba ta zarce awo, zuciyar da ke kan allo ta tsaya, ka ce mata, “Sake gwadawa, ba wanda ya mutu.”

To, ina masu kuka yau? Shugaban sashenku, wanda ya kira aikinka wasan yara, shi ne ya fi kowa jan majina a maƙabarta. Idi mai zomaye, da ya daina amsa sallamarka don ka tare masa kasuwa, har yana sauya sahu idan ka tsaya gefensa, shi ne ya ture mutane don ya kama makara. Tir!

Ranar sadakar uku Idi ya iso da keji a bayan okada, an rufe da buhu. Tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba an kulle ɗakin kwamfuta, an aiko masa daga jami'a ya kawo zomaye. Ya zaro biyu ya miƙo mini, wai gudummawa, a yanka a yi maka sadaka. Wallahi kunya ma ta ji kunya.

Na aika cikin gida wurin matarka Maijidda. Daga takaba ta aiko da amsa: “A gaya wa Malam Idi an gode, amma a gidan nan ba a yanka zomo.”

Suna nan a tsakar gida, ƙaramar 'yarka Haulatu na ba su ganyen latas. Sauran da ke kejin sun wuce jami'a.

Allah Ya jiƙanka, Muntaka, Ya tausaya maka kamar yadda ka tausaya wa marasa baki. Ya bai wa Maijidda da yara haƙuri. Su kuma waɗancan, Allah Ya shirye su, in masu shiryuwa ne.