Irin da Umma Ta Shanya

Ina aji biyu na sakandare ɗan Kawu ya zo ya zauna da mu a unguwar Taman Melati, a ƙasar waje inda muke zaune. Yaya nake ce masa. Injiniya yake karantawa a wata kwaleji, shekararsa ta ƙarshe. Tun kafin ya iso Kawu ya kira Umma daga Kano, ina zaune kusa ina jin muryarsa.

"Amana na ba ki. Ranar da kika ga abin da ba ki gane ba, ki kira ni in dawo da shi gida, ko da saura mako ɗaya ya gama."

Kowa ya san abin da yake tsoro. A garin nan, in aka kama yaro da ƙwaya, ba a maganar beli.

Umma abinci take sayar wa ɗalibai, su zo ƙofa su yi tapau, wato a ƙunsa musu tuwo da miyar kuka, su wuce. Ba ta da lokacin lura da kowa. Ni kuwa ba na magana sosai, kallo nake yi. Na lura Yaya yana fita da asubahin Asabar, sai yammacin Lahadi ya dawo. Takalminsa in ya bushe sai farin layi ya fito a gefe. Akwai baƙin taɓo a ƙarƙashin farcensa. Da aka yi hutu kuma, wata ƙara ta fara fitowa daga ɗakinsa, zzzz, ba ta tsayawa ko yana nan ko ba ya nan.

Wata Juma'a ya tafi masallaci a unguwar Kampung Baru. Umma tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke mai idon mujiya, me kike gani game da yayanki?"

Na faɗa mata duka.

Muka shiga ɗakin. Bayan ƙofa akwai bokiti biyu, kowanne da siririn tiyo yana fitar da kumfa. Ƙaramin injin da ke hura su ne ke ƙarar. A ƙasan ruwan akwai wasu 'ya'ya kore, girman gurjiya, masu tsini a kai. Umma ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar.

"Gishiri! Wane iri ne ake jiƙawa a ruwan gishiri, a ɓoye a bayan ƙofa?"

Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta murza, ta ɗaga shi wajen haske. Ta ce ko dai abin da ake sha ne, ko wani malamin tsibbu ya ba shi. Amma ba ta zubar ba. 'Yar manomi ce, kuma tana son Kawu ya gani da idonsa a waya. Ta ce iri ba ya zama a ruwa, ruɓewa zai yi kafin a gama magana. Ta tsame su, ta ɗauraye a famfo, ta baza a faifai biyu, ta kai baranda inda rana ta fi zafi. Ni na riƙe mata ƙofa.

Sai bayan la'asar Yaya ya dawo, don ya tsaya cin abinci a shagon mamak, irin shagunan abincin nan na bakin titi. Ya ga faifan tun daga falo. Ya yar da dardumarsa.

"Gwaggo, wa ya yi wannan?"

"Ni na yi. Zauna, ina da tambaya kafin in kira ubanka." Wayar tana hannunta.

Bai zauna ba. Ya kwashe su da hannu biyu yana mayarwa cikin bokiti, yana magana da sauri. Ya ce irin ciyawar teku ne. Ciyawar tana tsiro a ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, tana zuƙe iskar da ke ɗumama duniya ta binne ta cikin taɓo. Shi da abokan karatunsa sun ƙera robot, wata na'ura mai rarrafe a ƙasan teku ita kaɗai, tana huda taɓo tana saka iri. Ɓangaren da ke saka irin shi ne aikinsa na kammala karatu. An rufe ɗakin gwaji saboda hutu, shi ya sa ya kawo su gida.

"In suka bushe sun mutu, Gwaggo. Ba gero ba ne."

"Ciyawar da ba akuyar da za ta ci?"

"Kunkurun teku na ci."

"Au, kunkuru aka turo ka yi wa noma?"

"Haba dai, Gwaggo!"

Ya nuna mata hoton bidiyo a waya. Wani abu kamar akwati mai taya yana tafiya cikin ruwa mai duhu-duhu. Umma ta ce a zamanin nan har mamaci ana sa shi ya yi magana a waya.

Na leƙa bokitin. Yawancin 'ya'yan sun yamutse, suna yawo a saman ruwa. Yaya ya ce waɗanda suka nutse ne kawai ke da rai, kuma ba su cika tafin hannu ba. Sai ya sake tsinko wasu in ruwa ya janye nan da mako biyu, in ma akwai saura. Ya dube ni. Na dubi ƙafata.

Umma ta juya wayar a hannunta. "Ba zan kira yau ba. Ranar da za ka je, da ni za a je. In na tarar ba haka ba, daga can zan kira shi."

Muka je. Tafiyar awa biyar ce zuwa bakin teku a kudu. Umma ta tattare zaninta ta tsaya cikin taɓo har idon sawu. Ɗalibai huɗu suka sauke akwatin cikin ruwa, ya tafi abinsa ba mai riƙe da shi. Ta daɗe tana bin igiyar da aka ɗaura masa, wadda ke yawo a saman ruwa, da ido, ko za ta ga wanda ke ja. Ta sa aka buɗe mata cikinsa da ya fito, ta zura hannu ta laluba kowane lungu.

Sannan ta kira Kawu.

"Alhaji, na zo na gani. Noma yake yi, ka bar shi ya gama." Ta saurari abin da yake cewa. "A'a, cikin teku. Ni ma ban ce zai tsiro ba."