Aljihu Biyu na Tasi'u Barkono

Duk faɗin Makoda babu mai saurin fushin Tasi'u. Mu taubasansa shaida ne: ya taɓa turo babur ɗinsa daga Ɗambatta har gida yana zaginsa don ya ƙi tashi, alhali mai ne babu a ciki. Shi ya sa ake ce masa Barkono. Bara ya kira gayyar cirar gyaɗa, ya balbale mutane da faɗa wai sun makara. Suka watse, ƙasa ta bushe, rabin gyaɗar ta maƙale.

Malam Fatihu na firamare ne ya zaunar da shi. Ya ce wasu masanan Girka na da, 'yan Sitoyik, sun kasa al'amura biyu: abin da ke hannunka, da wanda ba ya hannunka. Na biyun bai cancanci fushinka ba.

"Ai haƙuri ke nan, Malam. An sha faɗa mana a masallaci."

"Shi ne. Kai ne dai ba ka ji."

Sunan masanan bai zauna masa ba, amma ya ƙirƙiro dabara. Da ransa ya ɓaci sai ya ɗauki ƙwayar gyaɗa, ya tsaya tunanin aljihun da zai jefa ta. Dama: nawa ne, in gyara. Hagu: ba nawa ba ne. Matarsa Luba ta rantse daga aljihun hagu take samun gyaɗar miya.

Bana da ƙyar mutum tara suka amsa gayya, ƙasa kuma ta soma tauri. In suka watse, shi ke nan. Da hantsi akuyar Inna Sauda, maƙwabciyarsa, ta tsinke igiya, ta kifar da ƙwaryar kunun 'yan gayya kaf.

Hashimu, wanda ya fara gudu bara, har ya soma laluben takalmi. Tasi'u ya kumbura. Ya duƙa ya ɓare gyaɗa, ya daɗe riƙe da ita. Hagu.

"Kunu ya tafi," in ji shi. "Akuya kuwa ba ta yi makaranta ba. Amma ashana na hannuna. Hashimu, ajiye takalmin nan, miƙo kara!"

Ya gasa musu ɗanyar gyaɗa tsibi guda. Aka ci ana kashe baki da dariya, kafin la'asar an cire gonar tas.

Washegari ya kai wa Malam kwano cike, yana ta godiya. Akuyar ma ya kai mata harawa, wai ita ce ta yi masa jarrabawa. Alhamdulillahi, mu ma kunnuwanmu sun huta.