Farin Man da Nake Wankewa

Shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a autata ta dawo gida Dauran wankan jego, da ɗanta na fari. Mijinta malamin makaranta ne a Kaura Namoda, da anka yanke mana jiha ya samu kujera a ofis. Shi ya aiko da kayan jariri irin na ma'aikata, nafkin farare da wandon roba. Mu da tsumma munka reni namu, iska na shiga tana fita. Na jujjuya robar nan a hannuna, ban so ta ba.

Tunda ɗan fari ne, uwar ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, nono ma sai ta shige ɗaki ta saki labule. Wanka da gashi duk nawa ne. Angona nake ce masa, kuma ba wanda ke taɓa min ango ban sani ba.

Yana da kwana ashirin da wani abu ya kama zawo. Kwana biyu ɗuwawunsa ya yi ja, kwana huɗu jan ya gangara har matsematsinsa, fatar ta saɓe tana ruwa. In ya yi fitsari sai ya sandare, ya buɗe baki, kukan ya daɗe bai fito ba.

Ranar Juma'a uban ya zo da wani ɗan gwangwani daga wajen malamar asibiti. Farin mai ne mai kauri, kamar an kwaɓa farar ƙasa da man shanu. Daga bakin zaure ya yi wa matarsa bayani, ni ina tsakar gida ina ji: a cire roba, a bar yaro ya sha iska, a wanke da ruwa mai ɗumi kawai, a lafta man da kauri, kar a goge.

Da na ji ya ce a lafta, sai na tuna da nawa yaron. Ɗana na biyu baƙon dauro ya ɗauke shi. Ƙurajen sun fito masa sarai, wata maƙwabciya ta shafe shi da wani mai, washegari ƙurajen sunka lafa, numfashinsa ya sarƙe, kafin la'asar an rufe shi. Tsofaffi sunka ce ciwon ne ya koma ciki. Tun ranar na riƙe cewa abin da jiki ya turo waje ba a toshe masa hanya. Ga shi an kawo abin toshewa a gwangwani.

Ban yi gardama da suruki ba, ba a yi. Na bari ya koma Kaura. Uwar tana shafa man a ɗaki, ni kuma safe da maraice in karɓi yaron, in sa shi a cinyata, in sa soso da sabulun salo in kankare farin nan tas, sannan in gasa wurin da ruwa mai zafi yadda anka yi mana, anka yi wa uwayenmu. Man ba ya fita da sauƙi, sai an dirza. Yana ihu, ina ce masa ya yi haƙuri, amarya ba ta cutar ango. Uwar tana zaune a kan tabarma da ƙwaryar kunun kanwa, idonta a ƙasa. Na ga kunun yana sanyi ba ta sha, na yi mata faɗa.

A rana ta biyar na ɗaga soso na ga jini. Yaron kuma ya rage kama nono, jikinsa da ɗumi. Na taɓa maɗigarsa, na danna cikinsa. A raina na ce shi ke nan, ɗan man da ke wuni a jikinsa ya gama aikinsa, ciwo ya juya ciki.

Munka fita ni da uwar neman abin hawa zuwa asibitin Zurmi, ita ko arba'in ba ta yi ba. Da can da babur munka hau, amma a shekarar mace ba ta hawa bayan namijin da ba muharraminta ba, ni kuma ina cikin waɗanda sunka ce daidai ne. Munka tsaya bakin hanya tun hantsi har rana ta take, yaron yana bayana, ina ta sa hannu ina taɓa ƙafarsa in ji ko tana motsi. Daga baya wata mota ta tsaya, maza biyu sunka koma gaba sunka bar mana baya.

Malamar asibitin ba ta kai ɗiyata ta tsakiya shekaru ba. Ta buɗe zanen, ta daɗe tana dubawa, ta tambaya ko ana sa mai. Na ce ana sawa, shi ya ɓata shi. Ta ce mai ba ya yin wannan raunin, wannan sawun dirza ne, wa ke yi masa wanka? Sai na ji muryar autata a bayana, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

"Inna ce ke wanke shi da soso. Kullum sau biyu. Ɗana ne, ina jin kukansa."

A gaban baƙuwa ta ce ɗana. Ban juya ba.

Na ba malamar labarin nawa yaron, abin da ban taɓa faɗa wa ko ubansa da bakina ba. Ta saurara har na gama. Ta ce wannan ba baƙon dauro ba ne, zawo da fitsari ne sunka ci fatar a ƙarƙashin roba, ba wani abu a ciki da zai koma. Man kuwa katanga ce tsakanin fata da ƙazanta. Ta ba da maganin sha saboda zawon da zazzaɓin, ta ɗora gwangwanin a tafin hannuna.

"Inna, ke za ki shafa. Ki ba ni kwana uku, in ya tsananta ki dawo min da shi ko ba a buɗe ƙofa ba."

Kwana ukun nan ban yarda da ita ba, na dai bi. Na lafta man da yatsana ina karanta duk abin da na iya. Na shimfiɗa yaron tsirara a kan zane a inuwar ɗarbejiya, na zauna gefensa ina kora ƙuda. In ya ɓata jiki, in zuba ruwa mai ɗumi a hankali, in bar farin da ya rage, in ƙara wani a kai. Soson yana rataye a jikin danga, ina kallonsa. Duk bayan salla sai na kara kunnena a ƙirjinsa ina jiran sarƙewar nan da na sani.

Sarƙewar ba ta zo ba. Rana ta uku gefen gyambon ya bushe. Ya tsula fitsari a cinyata, ya ɗan yamutsa fuska, ya ci gaba da tsotsar hannunsa. Na danna cikin, laushi. Uwar ta fito daga ɗaki ta sunkuya ta ɗauke shi a tsakar gida, gaban facalolina, ta sa masa nono. Sunka dube ni suna jiran faɗa. Na tashi na kwance soson daga danga na kai shi wajen wanke-wanke.

Nawa yaron kuwa, har yau ban san abin da ya ɗauke shi ba.