Khairi Tana Ƙwanƙwasa Ƙofarki, Malama Barakatu

Da hantsin ranar Talata, 15 ga watan Yuli, 2025, ina tsakar gida ina shanya wanki, Maman Anwar ta kira ni a waya. Ita ma wurinki take kai ɗanta, kamar yadda nake kai 'yata. Kukan da take yi ya hana ni jin sallamarta. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Malama Barakatu ta rasu." Na ce na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, na yi ta maimaitawa har bakina ya bushe. Ranar Asabar muna tare, kina zaune a tabarma, hannuwanki duk laka. An ce ranar Lahadi zazzaɓi ya rufe ki, aka kwantar da ke a asibiti, shi ke nan ba ki sake tashi ba.

Malama, tsoro ya riga baƙin ciki isowa zuciyata. Ina ajiye wayar na juya na ga Khairi a gindin randa tana tsoma hannu cikin ruwa tana kallon yadda yake ɗiga, ba ta san abin da ya faru ba. Sai na zauna a ƙasa.

Ga wanda zai karanta wannan bai san mu ba, sunana Hasana, a nan Daura nake aure. Khairunnisa, wadda muke kira Khairi, 'yata ce ta uku, shekararta goma sha ɗaya, kuma ba ta magana. Tun tana ƙarama ba ta haɗa ido da mutum. Ƙarar injin markaɗe kan sa ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu, idan abin ya yi mata yawa ta cije hannunta har ya yi jini. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kambun baka. Mun sha rubutu, mun yi turare, babu inda ba mu je ba. Daga baya wani likita a Katsina ya ce lalura ce da ake kira otizim, wadda mutane kan haɗa da galahanga, kuma ba ciwo ba ne da ake shan magani ya tafi. Muka dawo gida da suna, ba mu dawo da dabara ba.

Ke ce kika ba mu dabara. Zane kika karanta a kwalejin ilimi, kina koyarwa a firamare, sannan kika je Kano kika samu horo a kan yadda ake amfani da zane da kiɗa da ginin laka wajen taimakon irin yaran nan. Da kika dawo, maigidanki Malam Mansur ya bar miki ɗaki guda a gidanku da ke kusa da Kusugu. Babu allon talla a ƙofa. Bakin iyaye ne ya kai labarinki har garuruwan Dutsi da Babban Mutum, inda ake ɗauko yara a kan babur kowace Asabar.

Ba zan manta ranar da na fara kai miki Khairi ba. Tana shiga ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin tebur. Kunya ta kama ni, na sunkuya zan jawo ta, kika ɗaga mini hannu. Ba ki kira sunanta ba, ba ki ko dube ta ba. Kika zauna a ƙasa, kika ba ta baya, kika ɗauki curin laka kina murzawa a hankali. Haka aka tashi ranar. Asabar ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Babanta ya fara cewa wahalar banza muke yi. Rannan ina zaune a bakin ƙofa sai na ga ɗan hannu ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya gutsuri laka, ya koma. Ba ki juya ba, amma na ga hawaye yana bin kumatunki.

Da yake ba ta iya sallama da baki, kika ƙirƙiro mata tata sallamar. Idan mun iso, takan ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da wani salo nata, ke kuma ki amsa daga ciki da naki salon, sannan ki buɗe. Da kiɗan ƙwarya kuka faro abin, tana bugawa kina mayar mata, har ta gane cewa idan ta yi wani abu, akwai wanda zai ji ya amsa. Daga nan ta fara jan hannuna ta nuna mini abin da take so maimakon ihu. Ta koyi miƙa mini hoton kofi idan tana jin ƙishirwa. Ga wanda ɗansa yake magana wannan ba komai ba ne. Ni kuwa ranar da ta fara miƙa mini hoton nan sai da na yi sujada.

Ke kika lura cewa duk takardar da aka ba Khairi, shuɗin fenti kawai take shafa mata. Kika tambaye ni ko tana son ruwa. Na ce ai ba a raba ta da bakin randa. Sai na ga fuskarki ta canja. A ranar kika ba ni labarin ƙanenki Abdulbaƙi, wanda ya yi irin lalurarta kuna yara, ya sulale daga gida wata damina, aka tsamo shi a kududdufi. Sau ɗaya kika faɗi wannan labari, ba ki ƙara ba. Tun daga lokacin kika riƙa zagaye shuɗin zanenta da jan layi, kika yi mata 'yar waƙar tsayawa. Daga baya kika kwashe mu, yara da iyaye, zuwa bakin kududdufi, kika shimfiɗa jar igiya a ƙasa, kowane yaro ya zo ya tsaya a kanta ana tafa masa. Kin ce mini, "Maman Khairi, ban yarda ta iya ba tukuna. Sai mun ga bayan wannan daminar."

Daminar ba ta ko raba ba kika tafi.

Akwai kuma aikin da kika faro a bana, wanda shi ya fi hana ni sukuni. Kin ja ni gefe kika ce, "Yarinyar nan ta fara girma, kuma idan wani ya taɓa ta ba za ta iya kawo ƙara ba. Dole mu koya mata ta ce a'a da hannunta." Kika gina 'yan tsana na laka, kika ɗinka musu tufafi, kina nuna mata inda ba a yarda kowa ya kai hannu ba. Kun fara kenan. Ban san darasin da zai biyo baya ba, domin ban taɓa zaton zan buƙaci tambaya ba.

Bari in gaya miki abin da ya faru Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarki. An yi ruwa mai yawa da asuba. Babanta ya wuce Mai'aduwa da shanu tun da sassafe. Na yi shawarar ba zan shirya ta ba, ko za ta manta da ranar. Ashe ita ba ta manta Asabar. Ta saka hijabinta da takalmanta da kanta, ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Na lallashe ta, na sa sakata, na shiga madafa. Mai ruwa ya zo, aka buɗe masa, ya juye ya fita, ƙofa ta zauna a buɗe. Ina fitowa na ga babu Khairi.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Ina gudu ina kiran sunanta, alhali na san ko tana ji ba za ta amsa ba. Ban nufi ko'ina ba sai kududdufin bayan unguwarmu. Ya cika ya batse, ruwan ja wur, babu abin da ake gani a cikinsa. Na tsaya ina kallon saman ruwan ina neman farin hijabi. Malama, ƙanenki kawai nake gani a idona, yaron da ban taɓa sani ba. Maƙwabta suka taru, samari suka fara tuɓe riguna za su shiga. Sai wani mutum da ke wanke babur a gefe ya ce ya ga wata yarinya ta zo ta tsaya daf da ruwan tana kaɗa hannuwa, ta daɗe a tsaye, ya yi mata magana ba ta kula shi ba, daga baya ta juya ta nufi cikin gari. Ban san ko darasinki ne ya tsayar da ita ba, ko son zuwa wurinki ne ya janye ta. Allah ne Ya tsare.

Amma cikin gari akwai babban titi, akwai manyan motoci, akwai mutanen da ban sani ba. Mai babur ɗin ya ɗauke ni. Duk inda na hango cincirindon jama'a a hanya sai in ce shi ke nan.

Tun daga zauren gidanku na jiyo ƙwanƙwasar. Gidan cike da masu zaman makoki, amma tsit kake ji. Ga Khairi a ƙofar ɗakinki, takalmanta duk taɓo, tana bugawa, ta dakata ta kasa kunne, ta sake bugawa. Wata baƙuwa ta yi ƙoƙarin janye ta, shi ne ta cije hannunta, ga jinin a hijabi. Mahaifiyarki, Inna Nana, ita ta hana kowa ƙara matsawa kusa. Da ta gan ni ta ce, "'Yar nan, tun ɗazu take yi. Barakatu takan amsa mata, ko ba haka ba? Ku amsa mata mana, don Allah."

Malam Mansur ya aiko da makulli, amma na san ko an buɗe ba za ta shiga ba sai an amsa. Aka zagaya da ni ta ƙofar ciki. Na tsinci kaina ni kaɗai a ɗakinki, ga ƙamshin laka, ga ƙwaryar kiɗa a kife, ga zane-zanen yara a bango. Shekaru ina jin amsarki daga waje, ban taɓa riƙe ta ba. Ta buga, na mayar, ba daidai ba. Ta yi ƙara. Na sake, har yanzu ba daidai ba. Da na rasa yadda zan yi sai na buɗe. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗaga labule. Sannan ta dawo ta kama wuyan hannuna da ƙarfi, ta kai shi jikin ƙofar, ta buga amsarki da hannuna, yadda kike yi. Ta sake ni, ta je ta zauna a wurinta, ta fuskanci inda kike zama, tana jira.

Har la'asar muna nan. Babu wanda ya ce mu tashi.

Yanzu na iya amsar, ita ta koya mini. Amma ban san yadda zan gaya mata kin mutu ba. Da kina nan da kin san abin da za ki zana mata ta gane. Na sa kwaɗo biyu a ƙofar gida, duk da haka ko motsin akuya na ji sai na tashi na duba ta. Idan hadari ya haɗu, mutane suna murna saboda gero, ni ina duban inda take. Ina kallon jikinta yana canjawa, ina tuna 'yan tsanan da kika bari a kan taga. Kuma rasuwarki ta tuna mini abin da nake gudun tunawa: kin fi ni ƙuruciya, kin fi ni lafiya. Ranar da tawa ta zo, wa zai san abin da take nufi idan ta ja hannunsa?

Ba ni kaɗai ba ce. Maman Anwar ta ce ɗanta ya koma buga kai a bango, abin da ya daina tun bara. Malam Mansur, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce ɗakin ba zai rufe ba, namu ne duk Asabar. Mun yi shawara mu iyaye za mu riƙa haɗuwa, kowace ta kawo ɗan abin da ta gani kina yi, mu harhaɗa. Muna jin tsoro kada mu ɓata abin da kika gina, amma zaman gida ya fi ba mu tsoro. Idan akwai wanda ya san wannan aiki kuma wannan rubutu ya isa gare shi, muna roƙonsa don Allah ya zo Daura ya duba mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nana, da Malam Mansur, da 'ya'yanki Zakiyyu da Amatullah, waɗanda suka haƙura da ke duk Asabar saboda 'ya'yan wasu. Allah Ya ba su juriyar wannan rashi, Ya raya abin da kika bari cikin albarka. Ya Allah, Ka gafarta wa Barakatu 'yar Jibril, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa haƙurin da ta yi da 'ya'yanmu ya zama nauyi a mizaninta, Ka sada ta da ƙanenta a Aljannar Firdausi. Mu kuma da ta bari, Ka cire mana wannan tsoro ko Ka ba mu ƙarfin ɗaukarsa. Ka tsare mana yaran nan da ba za su iya kiran sunanmu ba idan abu ya same su. Amin.

Hasana Lawal, Daura