Baƙuwar da Ta Zo a Leda

A daminar da ruwa ya kayar da ɗakin Inna a Ƙofar Na'isa, na ɗauko ta na kawo ta gidana a Koki. Mahaifiyata ce, kuma a wancan ɗakin na ƙasa ta haife mu duka. Ta shigo da ƙullin kaya guda a ɗaure cikin tsohon zani, ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta ce kada wanda ya kwance. Wai ba daɗewa za ta yi ba. Ni kuwa na ga abin da ya rage na ɗakin: tulin ƙasa da azara, sai randarta a gindin bango, ko tsagewa ba ta yi ba.

Na ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau, mai tayil da fanka da sabuwar katifa. Ta ce ƙasan santsi gare shi kamar an zubar da miyar karkashi. Da safe sai mu ga ta ja tabarmarta falo, da rana tana tsakar gida, da yamma tana zaure, ƙullin nan yana biye da ita. Matata ta yi ta lallashi, ni na yi ta mita, don kowa ya san ni da gajen haƙuri. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana in dawo daga aiki in tarar ta hau adaidaita ta koma ta zauna a kango.

A falona akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Tun da aiki ya taɓa kai ni Legas na ga teku, zuciyata ba ta dawo Kano gaba ɗaya ba. 'Yan unguwa suna tsokanata da mai kiwon kifin da ba a ci. A ciki akwai duwatsu masu huji-huji da wasu ƙananan kifaye masu launin ruwan lemo da farin ratsi. Abin da na daɗe ina jira shi ne wata halitta da masu sayarwa ke kira anemoni. In ka gan ta sai ka rantse fure ce, alhali dabba ce, da baki a tsakiya, da yatsu birjik, da ƙafa ɗaya da take manne wa dutse. In ba ta sami inda ta manne ba, haka ruwa zai yi ta wurgi da ita har ta mutu.

A cikin wannan daminar anemonin ta iso, a leda, a cikin kula, ta motar haya. Duk ta yamutse ta dunƙule wuri ɗaya. Inna ta leƙo ta taɓe baki.

"A kan wannan abin kake ta buga waya? Yo ai ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Inna. Gajiyar hanya ce."

"Uhm," in ji ta. "Gajiyar hanya."

Ba a juye ta cikin akwatin kai tsaye. Sai an saba mata da ruwan gidan tukuna, ta wani siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti. Ban roƙi Inna ba, ita ce ta karɓi bakin tiyon ta riƙe. Ruwan sama yana ta kaɗa kwanon rufi, namu ruwan yana ɗiga a hankali cikin robar da na juye ta. Shuɗiyar fitilar akwatin ta watsa inuwar ruwa a sili, tana lilo, har farin mayafin Inna ya koma shuɗi. Kiran sallar la'asar ma sai na ji shi can nesa, kai ka ce daga ƙarƙashin kogi ladanin yake. Na daɗe ban ga Inna ta zauna wuri ɗaya haka ba, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Na kashe injin da ke kaɗa ruwa, na ɗora baƙuwar a kan dutsen gaba, inda duk wanda ya shigo zai gan ta. Kafin magariba ta manne, ta fara buɗe yatsu, kore-kore da ɗan ja a baki. Na ce shi ke nan.

Da gari ya waye baƙuwar ba ta nan. Ashe tafiya take yi, irin tafiyar da ido ba ya kamawa. Ta zagaya bayan dutsen. Ba a ɓamɓaro ta da ƙarfi, ƙafar za ta yage, sai na juyo da dutsen ɗungurungum ya fuskanci falo. Washegari ta sake gudu. Na sake juyawa, ina huci. Ita kuma ta fara koɗewa, abincin da nake miƙa mata ma sai ta saki ya faɗi. Inna ta mayar da bin sawunta aikin yi. Ina shigowa za ta ce, "Baƙuwarka ta sake ɗaki," ta kuma yi dariya, dariyar da ban ji ba tun ranar da bangonta ya faɗi.

Wata ranar Asabar na sami baƙuwar can ƙasa, cikin wani tsagin dutse a kusurwar baya, wurin da a tsaye ba ka ganin komai. Raina ya ɓaci. Na naɗe hannun riga zan tsoma, sai na ji an riƙe min gefen riga.

"Kai wannan," in ji Inna, don ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. "Ina kuma za ka kai ta?"

"Gaba, Inna. Can ya fi haske, ya fi kyau."

"Ya fi wa kyau? Kai za ka kwana a wurin?"

"Ai a nan ba a ganinta."

"Ni ina ganinta. Zauna ƙasa."

Na zauna a gefen tabarmarta. Daga nan kuwa ga ta ɓaro-ɓaro, ta baje fiye da yadda ta taɓa yi, kowane yatsa ya cika ya yi ɓulɓul, suna rangaji gaba ɗaya kamar gonar gero in iska ta bi ta kanta. Ɗaya daga cikin kifayen ya zo ya shinshina, ya ja da baya, ya dawo, sai ya nutse cikin yatsun ya kwanta. Ban san iya lokacin da muka ɗauka muna kallo ba.

"Ka ga ta saki jiki," Inna ta faɗa a hankali. "Ta sami inda ruwa ba ya dukanta."

Bayan la'asar na dawo daga masallaci na tarar da buhunan hatsinmu jibge a tsakar gida. Matata tana share ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, mai daɓen siminti da ƙaramar taga mai kallon lungu. Inna tana zaune a ciki, ta miƙe ƙafa. Tsohon zanin nan yana shimfiɗe a gabanta, an kwance shi, ga carbinta da kwanon shanta da 'yan kayan sawa.

Na buɗe baki zan ce wannan ɗakin bai dace da ita ba, me mutane za su ce. Matata ta harare ni, na haɗiye maganata. Idona ya ciko, na yi kamar ƙurar shara ce.

Inna ba ta ko ɗago kai ba, tana ninke mayafi.

"Gobe in Allah ya kai mu, ka je Ƙofar Na'isa ka ɗauko min randata. Ka taho da yashi, a wannan kusurwar za a girke ta. Kuma ka bi ta a hankali, kada ka yi min wannan gaggawar taka."